Almubazzaranci, facaka, bushasha: shin duk abu ɗaya suke nufi?

Duk lokacin da labari ya fito cewa wata gwamnati ta sayo wa manyanta motocin alfarma, ko wani attajiri ya narkar da maƙudan kuɗi a shagalin dare ɗaya, kalmomi iri ɗaya ne ke cika kanun labarai da bakunan jama'a. Wannan ya ce almubazzaranci ne, wancan ya ce facaka, wani ya ce bushasha, wani wadaƙa, malami a kan mumbari ya ce israfi. Sai kuma a samu mai kare abin ya ce ai ƙasaita ce, iya kuɗinka iya shagalinka. To, shin waɗannan kalmomi ma'anarsu guda ce, mutum ya ɗauki duk wadda ta zo bakinsa?

Ba guda ba ce. Kowace akwai abin da take aunawa. Wata yawan abin da aka kashe take dubawa, wata inda aka kai shi, wata yadda aka yi da shi, wata kuma zuciyar mai kashewar. Akwai ma waɗanda ba sa zama daidai sai an san dukiyar ta wace ce. Wanda ya zaɓi kalma ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya kawo hujja, kuma in ya ɗauko wadda ba ita ba, ko dai ya sassauta wa mai babban laifi, ko ya ɗora wa marar laifi kayan da ba nasa ba.

Inda almubazzaranci ya rabu da israfi

Dukansu biyu daga Larabci Hausa ta aro su. Almubazzari ya shigo da "al" ɗinsa a manne, kamar alƙali da alƙalami da almakashi, Bahaushe ya yi masa mace da jam'i irin nasa, almubazzara da almubazzarai, sannan ya ƙara "anci" ya sami sunan halin. Tushen kalmar a Larabci watsa iri ne. Manomi yakan duba inda zai jefa ƙwaya, almubazzari kuwa watsawa yake yi ko'ina, har inda ya san ba abin da zai tsiro.

Israfi shi ne ƙetare iyaka. Akwai malaman da suka ɗauki kalmomin biyu a matsayin abu ɗaya, amma wasu, irin su Aljurjani, sun raba su da rabo mai amfani: israfi kashe dukiya ne a inda ya dace, amma fiye da yadda ya dace, tabziri, wato almubazzaranci, kuwa kashe ta ne a inda bai dace ba ko kaɗan. Mutumin da mota ɗaya ta ishe shi ya tara biyar, israfi ya yi. Wanda ya kai kuɗinsa gidan caca almubazzaranci ya yi, ko da abin da ya kai bai taka kara ya karya ba. An ruwaito daga Mujahid, almajirin Ibn Abbas, cewa da mutum zai ciyar da dukiyarsa kaf a kan gaskiya bai zama almubazzari ba, amma da zai ciyar da mudu ɗaya a inda ba gaskiya ba, ya zama.

Yadda Alƙur'ani ya yi amfani da su ma yana nuna hakan. A suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, an hana tabziri ne bayan an yi umarni da bai wa ɗan'uwa da miskini da matafiyi haƙƙinsu, wato ga inda ya kamata dukiya ta je, kada a kai ta wani wuri. A nan ne aka kira almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu. A suratul A'araf, aya ta 31, inda maganar ci da sha ce, abubuwan da asalinsu halal ne, sai aka ce kada a yi israfi. Israfi kuma bai tsaya kan dukiya ba: an hana shi wajen ɗaukar fansar kisa a aya ta 33 ta Isra'i, an kuma siffanta Fir'auna da shi a suratu Yunus, aya ta 83.

A Hausar yau da kullum israfi ya fi zama a bakin malamai, almubazzaranci ya ɗauke aikin duka biyun. A ganina an yi rashi a nan. Kalma ce mai nauyi ƙwarai, kuma idan ana jifan wanda ya ɗan zarce a sayen tufafi da ita, ana kuma jifan wanda ya ƙarar da gadon marayu a mashaya da ita, nauyinta raguwa yake yi a kunne har ta daina tsorata kowa.

Ɓarna da asara

Ɓarna kalmar gida ce, daga "ɓata", kuma ta fi almubazzaranci faɗi nesa ba kusa ba. Ambaliya tana ɓarna, gobara tana ɓarna, fara tana ɓarna a gona, yaro ƙarami ma maɓarnaci ne in ya farfasa abin da ya tarar. Ba mai cewa ambaliya ta yi almubazzaranci, domin wannan sai mai hankali wanda dukiya ke hannunsa, ya kuma zaɓi ya watsar. Ɓarna sakamako take kallo: abu yana da amfani, an wayi gari ba shi da shi. Shi ya sa ta fi dacewa da famfon da aka bari yana zuba, da fitilar da ta kwana a kunne a ɗakin da ba kowa, da asibitin da aka gina aka bari ciyawa ta cinye. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa tozartar da dukiya cikin abubuwa uku da Allah yake ƙi, tare da jita-jita da yawan tambaya.

Asara kuwa samun mutum take yi. Ana tafka ta, ana kuma jajanta wa wanda ta samu. Ɗan kasuwar da kayansa suka nutse a teku ya yi asara, ba wanda zai zarge shi.

Wannan bambanci ba na masana harshe kaɗai ba ne. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ma a ware suke ƙidaya su a harkar abinci. Hukumar abinci da aikin gona ta ƙiyasta kimanin kashi 13 cikin ɗari na abincin duniya yana salwanta ne tsakanin girbi da isa shago, saboda rashin ma'ajiya da kayan sanyaya abinci da hanyoyi masu kyau. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta fitar a 2024 kuwa ya ce a shekarar 2022 an zubar da tan biliyan 1.05 na abinci, har da ɓawo da ƙashi, wato kashi 19 cikin ɗari na abin da ya iso hannun masu saye, kuma kashi 60 na wannan daga gidaje ya fito. Na farko asara ce, maganinta titi da rumbu da wutar lantarki. Na biyu ɓarna ce, maganinta yana hannun mai sayayya da mai girki. Wanda ya haɗe su a kalma ɗaya zai ƙare da yi wa manomi wa'azin da ba nasa ba.

Jin daɗi, da kuma don a gani

Bushasha ba ta zargin mutum da ɓatar da komai. Jin daɗi ne mai yalwa, kuma mutum yana iya yin ta da halaliyarsa, cikin abin da samunsa zai ɗauka, bai ci bashi ba, bai tauye haƙƙin kowa ba. Abin da ke mayar da ita zargi shi ne abin da aka jingina ta da shi, kamar a ce suna bushasha ma'aikatansu na bin su albashi. Fantamawa da shanawa sun fi ta sauƙi, sau da yawa ma da sha'awa ake faɗarsu. Sharholiya da holewa da sheƙe aya kuwa ɗabi'a suke nunawa, ba kuɗi ba, don marar ko sisi ma yana sharholiya in ya sami mai ɗaukar nauyinsa.

Kusa da su akwai kayan alatu, kishiyar kayan masarufi. Iyakar da ke tsakaninsu ba ta tsaye wuri ɗaya. Wayar hannu kayan alatu ce a shekarun 1990, yau kuwa da ita ake neman aiki da karɓar kuɗi. Wannan ya shafi aljihun kowa, domin gwamnatoci da dama sukan ɗora wa kayan alatu haraji mai nauyi su sassauta wa na masarufi. Da zarar an rubuta wani abu a jerin alatu, farashinsa ya tashi ke nan, ko da talaka ba ya iya rayuwa babu shi.

Ƙasaita da alfarma da ƙayatarwa kalmomin yabo ne. Taro ɗaya wani zai kira shi ƙasaitacce, wani ya kira shi facaka, alhali kuɗin da aka kashe bai canza ba. Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotal na Girka ya bambanta mai kashe dukiya mai yawa a kan babban abin da ya cancanci hakan, kamar aikin da zai amfani gari, da mai kashe ta a kan ƙaramin abu don kawai a ga yana da ita.

Wannan na biyun Hausa ta tanadar masa kalmomi da yawa: fariya, burga, taƙama, nuna isa, ganin ido, kece raini. Wadda ta fi su kaifi ita ce ƙarya. In aka ce wane ɗan ƙarya ne, ko yana rayuwar ƙarya, ba ana nufin bakinsa ya faɗi abin da ba haka ba. Motarsa da suturarsa da gidan da ya kama haya ne ke faɗar arzikin da ba shi da shi. Masanin tattalin arziki Ba'amurke Thorstein Veblen ya yi bayanin wannan hali a 1899, ya nuna cewa akwai sayayyar da duk amfaninta shi ne a gan ta, kuma kowane rukunin jama'a yana kwaikwayon wanda ke samansa ne. Almubazzaranci ana iya yin sa a ɗaki a kulle. Fariya sai da 'yan kallo, kuma yau da kowa ke ɗauke da kyamara a aljihu, 'yan kallon sun zama dubbai.

A cikin duk waɗannan halaye, wannan ne ya fi cutar da mai ƙaramin ƙarfi. Attajirin da ya yi fariya da rarar kuɗinsa ya yi. Ma'aikacin da ya kwaikwaye shi da bashi ya yi, taron ya watse cikin yini guda, biya kuwa sai a shekara ana yi. Wanda ya daka ta wani, ai shi zai rasa turmin daka tasa.

Ina kyauta ta ƙare, ina almubazzaranci ya fara?

Nan ne wurin da ya fi wuya, domin babu mai ƙin a kira shi mai kyauta ko mai karamci. Almubazzari yakan ɗauki halinsa a matsayin sakin hannu, kamar yadda marowaci ke ganin rowarsa da maƙonsa tattali ne. Aya ta 67 ta suratul Furƙan ta yabi waɗanda idan sun ciyar ba sa israfi, ba sa kuma ƙwauro, suna tsakani. Kalmomin tsakanin a Hausa su ne tattali da tsimi da tanadi, kuma ba banza ba aka kira sha'anin dukiyar ƙasa gaba ɗaya tattalin arziki.

Dubi Mansa Musa, sarkin Mali. Da ya bi ta Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta aikin hajji, ya rabar da zinariya har darajarta ta faɗi a Masar, kuma masanin tarihi Al'umari, wanda ya rubuta labarin bayan kimanin shekara 12, ya ce har lokacin ba ta gama farfaɗowa ba. An kuma ruwaito cewa a hanyar dawowa sai da sarkin ya ci bashi a hannun 'yan kasuwa. Masu yabonsa suna cewa karamci ne wanda ya sa duniya ta san Mali. Masu suka suna cewa israfi ne, tunda ya zarce har ya taɓa dukiyar mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Duka biyun suna da abin kamawa.

Ma'aunin da na ga ya fi tsayawa shi ne a duba waɗanda aka bari a baya. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, yana kwance ba lafiya, ya nemi ya yi sadaka da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, sai sulusi aka yarje masa, aka kuma ce sulusin ma da yawa, gara ya bar magadansa a wadace da ya bar su suna roƙon mutane. Sadaka ce fa, ba caca ba, amma duk da haka aka sa mata iyaka saboda haƙƙin wasu. Magidancin da hannunsa ke sake a waje, 'ya'yansa kuma an koro su daga makaranta, bai cancanci a kira shi mai kyauta ba.

"Ai kuɗinsa ne"

Masu wannan magana suna da hujja biyu. Ta farko 'yanci: wanda ya sha wahalar nema shi ya san yadda zai kashe. Ta biyu kuwa, kuɗin da attajiri ya kashe ba ƙonewa suka yi ba, sun shiga hannun tela da magini da direba da mai girki, da ya ƙulle su a akwati da waɗannan ba su samu ba. Ba maganar banza ba ce. Sai dai kuɗin da aka zuba a masana'anta ko makaranta su ma suna shiga hannun ma'aikata, kuma suna barin abin da za a ci gaba da mora bayan an biya su.

Masu shari'a ma sun daɗe da rabuwa a kan wannan. Aya ta 5 ta suratun Nisa'i ta hana miƙa wa wawaye dukiya, daga nan malaman fiƙihu suka fitar da hukuncin hana mutum tasarrufi da kayansa. Malik da Shafi'i da Ahmad sun yarda alƙali ya ɗaure hannun baligin da ke watsar da dukiyarsa. Abu Hanifa bai yarda ba, yana ganin tauye wa baligi mai hankali 'yancinsa ya fi ɓatan dukiyar muni, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa. A tsohuwar Rum an kafa doka a shekara ta 215 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙi da Hannibal, kwamandan sojojin Carthage, wadda ta ƙayyade zinariyar da mace za ta mallaka da irin tufafin da za ta sa. Bayan shekara 20 mata suka fito kan tituna, aka soke ta. Dokokin hana alatu sukan sha irin wannan wahala, domin yana da wuya hukuma ta gane inda buƙatar mutum ta ƙare.

In ba kuɗi ba ne

Zarcewa ba a aljihu kaɗai take ba, amma a nan kalmomin sukan sauya. Mai yabon da ya wuce ƙima zuzutawa ko kambamawa ya yi. Mai ba da labari ƙara gishiri yake yi. Wanda ya zarce a hukunci ko a ado ya wuce gona da iri, mai goyon bayan da ya fi mai abin zafi kuwa ya wuce makaɗi da rawa. Lokaci ɓata shi ake yi.

Facaka, wadaƙa, watanda, da tambayar dukiyar wa

Facaka yanayin kashewar take zanawa. Kunne yana jin ta kusa da faca-faca, abu ya yi yawa a hannu ana fatali da shi ba lissafi. Kusan kullum akwai zargin rashin sanin zafin nema a cikinta, shi ya sa ta dace da magajin da dukiya ta faɗo masa bagatatan. Wadaƙa ta ƙara da cewa mai yi ya sami sarari ne, ba mai ce masa don me. Watanda kuwa sai da jama'a: asalinta rabon abin da aka haɗa kuɗi aka saya, amma in aka ce an yi watanda da filaye ko da kwangiloli, ana nufin wasu 'yan tsiraru sun rarraba abin kowa a tsakaninsu.

Waɗannan uku su ne 'yan jarida suka fi ɗauka idan maganar baitulmali ta taso, kuma a nan ne kuskuren kalma ya fi tsada. Jami'in da ya bi ƙa'ida ya sayo abin da ba a buƙata, ko ya gina filin jirgin da ba jirgin da ke sauka, almubazzaranci ya yi da dukiyar jama'a. Hukuncinsa yawanci a majalisa ne da akwatin zaɓe da rahoton mai binciken kuɗi. Wanda ya rubuta cewa an yi aikin alhali ba a yi ba, ko ya ninka farashi ya karɓi nasa kason, wannan ya fita daga babin almubazzaranci. Sunayen abin da ya yi daban ne: almundahana, sama da faɗi, rub da ciki, handama da babakere, kashe-mu-raba, ko a gajarce sata. Wurinsa kotu ne.

Misalin almubazzaranci da dukiyar jama'a a fili shi ne naɗin da Jean-Bédel Bokassa, shugaban ƙasar Afirka ta Tsakiya, ya yi wa kansa na sarkin sarakuna a Bangui, babban birnin ƙasar, ranar 4 ga Disamba, 1977, bikin da aka ƙiyasta ya ci kimanin dala miliyan 20 a ɗaya daga cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, kuma shekara biyu ba ta cika ba aka hamɓarar da shi. Masanin tarihi Ibn Haldun ya riga ya bayyana yadda irin wannan ke tafiya tun ƙarni na 14: masu mulki su saba da ni'ima, buƙatunsu su ƙaru, kuɗin shiga su kasa, a ƙara haraji, manomi da ɗan kasuwa su karaya su rage nema, baitulmali ya ƙara bushewa. Wato bushashar fada a aljihun mai biyan haraji take ƙarewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yawan kiran sata da facaka. Facaka tana sa mai sauraro ya ɗauka mutumin hannu ne kawai gare shi a sake, kamar kuɗin nasa ne ya kasa riƙewa. Da an faɗe ta, tambayar inda kuɗin suka shiga da wanda ya sa hannu sai ta bi ruwa, jama'a su yi tsaki su wuce. Haka nan akasin haka yana faruwa: a kira aikin da aka yi bisa ƙa'ida, amma ba a ga amfaninsa ba, da sunan sata, a je kotu a kasa kawo shaida, mutumin ya fito yana cewa an wanke shi, alhali ɓarnar da ya yi tana nan ba wanda ya tambaye shi ita. Mai karanta labari yana da haƙƙin ya nemi a faɗa masa wanne ne daga ciki: an sayo abin kuma yana nan amma ba a buƙatarsa, an sayo shi a ninkin farashinsa, ko kuwa takarda kawai aka cike ba a sayo komai ba.